Faɗin Aska da Amanar Awo

Jama'a masu saurarenmu a cikin garin Keffi, daga Tudun Kofa zuwa Gangaren Tudu, daga Liman Abaji zuwa Sabon Gari, da waɗanda muryarmu ke iskewa a Garaku da Nasarawa da Masaka da sauran garuruwan da ke maƙwabtaka da mu, barkanmu da sake saduwa a cikin wannan shiri namu na faɗakarwa. Mas'alar da muka ɗauko yau, wanda ya ji ta da farko zai ɗauka ba ta kai a tara jama'a a kanta ba, domin kuwa magana ce a kan faɗin aska, da dalilin da ya sa asake biyu za su zo da lamba iri ɗaya a rubuce, alhali idan aka jera su sai a tarar ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta. Amma duk wanda ya yi haƙuri ya bi mu zuwa ƙarshe zai ga cewa a ƙarƙashin wannan ɗan ƙaramin ƙarfe akwai babban al'amari, wato amanar awo tsakanin mai sayarwa da mai saye, wadda shari'a ta tsananta a kanta, hankali kuma ya yarda da ita.

Babu mai musun matsayin wanzami a cikin al'ummarmu. Shi ne ake kira ranar suna ya sauke gashin jariri, shi ne mai kaciya, shi ne mai ƙaho, shi ne dattijo ke miƙa wa kansa da wuyansa ranar Juma'a, ya rufe ido cikin natsuwa alhali kaifi na yawo a maƙogwaronsa, kuma saboda girman wannan amana ne masarautunmu suka naɗa wa sana'ar shugaba, suka kira shi Sarkin Aska. A cikin zabirar wanzami ba aska ɗaya ba ce: ta askin kai daban, ta kaciya daban, ta tsagar ƙaho daban, kowace da girmanta da siffarta. To amma tun kaka da kakanni babu ko ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da lamba, kuma ba a taɓa jin rashin lambar ya hana aiki ba. Dalili kuwa shi ne, wanzami da ƙafarsa yake zuwa maƙera, ya zauna kusa da zugazugi, ya nuna wa maƙeri da yatsa iyakar faɗin da yake so, ko ya miƙa masa tsohuwar askar da ya gada ya ce a yi masa irinta. Idan an gama ya karɓa, ya juya ta, ya ji nauyinta, ya gwada ta a gashin hannunsa, in ta yi masa ya biya, in ba ta yi ba a mayar da ita wuta. Inda ido ya gani, hannu ya taɓa, ba a bukatar alƙalami.

Askar ƙetare ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Baturen nan Bajamushe mai yawon duniya, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a shekarar 1851, kuma a cikin hajojin Turai da ya lissafa a kasuwarta akwai ruwan takubba daga Solingen ta Jamus, akwai kuma asake daga lardin Styria na ƙasar Ostiriya, waɗanda suka ratso Sahara a bayan raƙuma. Ya bayyana cewa asaken nan masu araha ne, ƙotarsu ta itace ce mara ƙarko, amma mutanen ƙasar sun gwanance wajen wasa su har su yi kaifi mai ban sha'awa, suna kuma ƙarfafa ƙotar da jan ƙarfe. Keffi kuwa, wadda Abdu Zanga ya kafa wajen shekarar 1800 bayan ya taso daga ƙasar Katsina, ta kuma zauna ƙarƙashin Zazzau, zango ce a kan hanyar fatake da ta taso daga Kano ta bi ta Zariya ta gangara Loko a bakin Binuwai. Abin lura a nan shi ne, ko a wancan zamani da askar ke tafiyar watanni kafin ta iso, cinikinta na ƙarshe ido da ido ake yinsa: ɗan koli ya baje, wanzami ya tsuguna ya zaɓa.

Yau al'amari ya sauya. Matashin da ya buɗe shagon aski a bakin titin Abuja, ko kusa da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Keffi, sau da yawa ba ya ganin kayan aikinsa sai bayan ya biya kuɗi. A waya yake ganin hoto, ko ya aika wani Legas ko Kano, ko ya yi oda ta intanet daga wata ƙasa, kuma abin da ya tsaya a madadin idonsa da hannunsa shi ne 'yan lambobin da aka rubuta a gefen hoton. Askar Turawa mai naɗewa cikin ƙotarta ana faɗar faɗinta ne da inci, an kuma raba incin gida takwas, wato sumuni-sumuni, kamar dai yadda ɗaliban ilimin gado suka saba da wannan kaso. Idan ka ga an rubuta 5/8, ana nufin sumuni biyar na inci, kimanin milimita 16 ke nan. 4/8 rabin inci ne, milimita 12.7, 6/8 ta kai milimita 19, 7/8 ta ɗara milimita 22 da kaɗan, 8/8 kuwa inci ne cikakke, milimita 25.4. Tsakanin kowane mataki da mai bi masa akwai milimita 3 da 'yan kai. A takarda lissafin ya fita sarai, ba shi da wata shubuha. A hannu ne ake samun saɓani.

Kafin mu shiga dalilan saɓanin, ya kamata mu san abin da ya sa faɗin yake da muhimmanci, don kada wani ya ce ai aska aska ce, in dai tana da kaifi. Siririyar aska, mai sumuni huɗu, ba ta da nauyi, tana shiga lungu, ta dace da gyaran gefen gemu da ƙarƙashin hanci da bayan kunne, sai dai saboda rashin nauyinta hannun da bai ƙware ba yakan danna ta fiye da kima. Mai sumuni biyar ita ce tsaka-tsaki, ita ce aka fi ƙerawa, ita kuma ake shawartar mai koyo ya fara da ita. Mai sumuni shida ko bakwai tana da nauyin da ke taimaka mata ta ratsa gashi mai kauri ba tare da an matsa ba, tana ɗaukar kumfa da gashi da yawa kafin a goge ta, amma juya ta a wuri mai ƙunci sai gwani. Hannun wanzami kuwa yana sabawa da askarsa har ya zama ba ya tunanin yadda zai karkata ta; ranar da aka ba shi wadda ta bambanta da ita da milimita biyu, ko bai auna ba wuyan hannunsa zai sanar da shi, kuma idan bai yi hattara ba kan wani bawan Allah ne zai biya kuɗin wannan bambanci. Ba banza ba Hausawa suka ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. A nan ne ake gane askar da ta dace da hannu da wadda ba ta dace ba.

Akwai kuma wata hikima a cikin ƙirar wannan aska wadda mutane da yawa ba su lura da ita ba. Bayanta an yi shi da kauri da gangan, domin idan za a wasa ta, kwantar da ita ake yi a kan dutse, bayan da bakin su taɓa dutsen tare, sai kaurin bayan ya ɗaga ruwan askar daidai gwargwadon da ake bukata, ya zama shi ne ke tsayar da kusurwar kaifin. Maƙeran wannan aska sun daɗe da gano cewa idan faɗin ya ninka kaurin bayan sau uku da rabi ko kusa da haka, kusurwar bakin takan faɗa tsakanin digiri 16 da 17, kuma a nan ne ƙarfe ke samun kaifin da zai yanke gashi cikin sauƙi ba tare da bakin ya yi laushin da zai lanƙwashe ko ya ɓantare ba. Misali, aska mai faɗin milimita 16 tana son baya mai kaurin milimita 4.5. Idan aka bar kaurin nan yadda yake, faɗin kuwa ya koma milimita 14, kusurwar ta haura digiri 18, askar ta fara jan gashi maimakon yanke shi. Idan kuma faɗin ya yi yawa bayan ya yi siriri, bakin zai yi kaifi ƙwarai na ɗan lokaci, sa'an nan ya dakushe tun ba a gama kai ɗaya ba. Ashe ke nan faɗi da kauri tagwaye ne, ba a hukunta ɗaya sai an san ɗayan.

To, me ke kawo saɓanin? Dalili na farko, wanda kuma ya fi kowane yawa, shi ne ba a yi ittifaƙi a kan inda za a fara awo ba. Wani yana aunawa daga ƙololuwar bayan aska zuwa bakinta. Wani kuwa yana farawa ne daga layin da bayan ke taɓa dutse, domin a wurinsa wannan shi ne faɗin da ke aiki wajen tsayar da kusurwa, abin da ke sama da layin kuwa ado ne da nauyi. Tsakanin waɗannan hanyoyi biyu ana iya samun milimita ɗaya ko biyu, musamman a askar da aka yi wa baya mai tudu ko mai zane, kuma kowane daga cikin masu awon yana da hujjarsa, babu wanda ya yi ƙarya. Bayan wannan, ba kowace aska ce ke da faɗi ɗaya daga gindi zuwa kai ba; da yawa daga cikin tsofaffin asaken birnin Sheffield na Ingila sun fi faɗi ta wajen kai, bakinsu kuma yana da ɗan lanƙwasa, ta yadda mai auna gindi da mai auna tsakiya da mai auna kai za su fito da amsa uku a kan aska guda.

Dalili na biyu yana cikin yadda ake ƙera ta. Ko a manyan garuruwan wannan sana'a, irin su Solingen, inda kamfanin Dovo ya kafu a 1906, da Thiers ta Faransa, inda Thiers-Issard ke aiki tun 1884, bayan an buga ƙarfen an ba shi siffa, an kuma shayar da shi, mutum ne ke riƙe shi a tsakanin duwatsu masu juyawa yana rarake gefensa biyu har ya yi siriri. Wannan aikin hannu ne, kuma hannu, kome gwanintarsa, ba ya maimaita kansa daidai wa daida. Wata askar za ta fito ta ɗara da rabin milimita, wata ta gaza. Idan aka gama sai a sa mata sunan matakin da ta fi kusa da shi. A nan ne wata matsalar ke ɓullowa, domin askar da ta faɗa tsakiya, mai milimita 17.5 misali, haƙiƙanin sunanta 11/16 ne; mai taka-tsantsan zai rubuta haka, wani zai sauko da ita ya ce 5/8, wani kuma, da yake ya san mai faɗi ta fi tsada, zai haurar da ita ya ce 6/8. Aska ɗaya ta sami suna uku, kuma na ukun nan ya fara kusantar abin da shari'a ke tuhuma.

Dalili na uku shi ne haɗuwar ma'auni biyu a kan abu ɗaya. Jamus ta koma awon mita tun 1872, Faransa kuwa ita ce mahaifarsa, saboda haka injinan masana'antunsu da milimita suke aiki, sa'an nan a fassara sakamakon zuwa sumunin inci saboda al'adar kasuwa, kuma duk inda aka yi irin wannan juyi sai an yi ragi ko ƙari don lamba ta cika. Shi kansa incin bai kasance abu ɗaya a duniya ba: tsohon incin Faris ya haura milimita 27, na Prusiya ya haura 26, kuma sai a shekarar 1959 ne Ingila da Amurka da wasu ƙasashe huɗu suka daidaita a kan milimita 25.4. Tsofaffin dokokin Ingila da ƙwayar sha'ir uku, a jere kai da gindi, suke ƙaddara inci. Malaman Musulunci kuma, da suka zo ƙaddara zira'i da mil saboda hukuncin sallar ƙasaru, sun mayar da zira'i zuwa yatsu, suka mayar da yatsa zuwa ƙwayar sha'ir shida a jere gefe da gefe. Mu ma da taƙi da kamu da gaba muka taso. Dukkan wannan yana nuna cewa ɗan Adam ya daɗe yana neman ma'aunin da ba zai canza da canjin mai awo ba, domin taƙin dogo ba ya zama ɗaya da na gajere.

Dalili na huɗu shi ne shekaru. Duk lokacin da aka ɗora aska a kan dutsen washi, wani abu na ƙarfenta yana tafiya, ko da ido bai gan shi ba. Idan kuma baki ya ɓantare, ko tsatsa ta ci shi, sai an cinye ƙarfe mai yawa kafin a kai ga lafiyayyen wuri. Askar da ta fito masana'anta tana sumuni shida, ta yi shekara hamsin a hannun masu aiki, tana iya komawa sumuni biyar ko ƙasa da haka, alhali kwalinta na nan yana shelar lambarta ta farko. Wanda ya sayar da ita da sunan da ke jikin kwalin ya faɗi abin da ta kasance, bai faɗi abin da take ba. Alamar da ake gane irin wannan da ita ita ce a dubi gefen bayanta: idan wurin da ke taɓa dutse ya baje ya yi faɗi yana ƙyalli, ko ya fi cinyewa ta gefe ɗaya, to ta sha washi, kuma lambarta ta asali ta zama tarihi.

Mai sauraro zai tambaya, shin babu wata hukuma da ta tsayar da wannan? Jamus ta yi dokar kare sunan Solingen tun 1938, ta sabunta ta a 1994, don kada a buga sunan garin a kan kayan da ba a can aka yi ba. Amma wannan kariya ce ga suna da asali, ba ta daidaita yadda 'yan kasuwar duniya ke faɗar faɗin aska ba. A nan gida muna da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wato SON, wadda aka kafa a 1971, muna kuma da dokar awo da ma'auni ta 1974, sai dai hankalin jami'an awo ya fi karkata, kuma da gaskiyarsu, ga sikeli da famfon mai da makamantansu, inda cutar ta fi yawa. Faɗin aska ya rage a hannun urfi, wato abin da masu sana'a suka saba. A kwatanta wannan da reza mai baki biyu, wadda King Camp Gillette ya sami takardar mallakar fasaharta a Amurka a 1904: yau wadda aka yi a Masar da wadda aka yi a Indiya da wadda aka yi a Rasha duk suna da tsawon kimanin milimita 43 da faɗin 22, suna shiga mariƙi ɗaya, domin wadda ta saɓa ba za ta zauna ba, babu kuma mai sake sayenta. Inda larura ta tilasta, an daidaita. Inda ba ta tilasta ba, sai amana ta tsaya a madadinta.

A nan ne maganar ta shiga fagen fiƙihu. Mazhabar Imamu Malik, wadda muke karanta ta a zaurukanmu ta hanyar Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani da Muhtasar na Shaihu Halil, ta halatta a sayar da abin da ba ya nan a bisa siffantawa, da sharaɗin siffar ta zama bayyananniya wadda za ta kawar da jahilci da garari. Idan hajar ta iso ta dace da siffar, ciniki ya lazimci mai saye. Idan ta saɓa, yana da zaɓi ya riƙe ko ya mayar. To cinikin waya da na intanet, wanda 'ya'yanmu ke yi dare da rana, ba wani abu ba ne face wannan babin, lambar da aka rubuta kuwa ita ce siffar. Alƙur'ani mai girma ya keɓe sura guda da sunan masu tauye awo, ya kuma ba mu labarin Annabi Shu'aibu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda aka aiko ga mutanen Madyana ya kira su ga tauhidi da cika mudu da sikeli, suka ƙi, aka halaka su. Malaman jihadi ma ba su bar wannan babi ba, domin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hisba da aikin muhtasibi, wanda daga cikin ayyukansa akwai kewaya kasuwa yana duba ma'auni yana hana algus. Babu inda aka ce hukuncin ya tsaya a kan hatsi da zinariya. Duk abin da aka sayar da adadi, adadin amana ne, ko buhu ne ko aska.

Sai dai wajibi ne mu yi adalci, kada mu mayar da kowane saɓani ha'inci. Wanda ya auna daga layin washi ya faɗi abin da ya samu bai cuci kowa ba, illa dai ya gaza wajen bayani. Wanda ya kwafi lambar kwali bisa rashin sani, uzurinsa yana nan har ranar da aka sanar da shi. Amma wanda ya auna da hannunsa, ya ga milimita 17, ya rubuta 6/8 don ya ƙara farashi, ko ya ga bayan askar ya cinye ya juya hoton ta gefen da aibin ba zai fito ba, wannan ya shiga sahun masu tauye awo, ko da abin da ya tauye bai kai ƙwayar shinkafa ba. Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwarmu masu sayar da kayan aski, na cikin kasuwar Keffi da masu talla a waya, su lazimci abu uku: su faɗi faɗin da milimita tare da lambar sumuni, su faɗi daga inda suka fara awon, su kuma bayyana ko sabuwa ce ko ta yi aiki. Wannan ba ya cin kuɗi, ba ya cin lokaci, kuma mai yin sa zai tarar da abokan cinikinsa suna komowa suna jawo wasu.

Kai kuma mai saye, kada ka mayar da lamba abin yin imani da shi ba tare da bincike ba. Idan askar na gabanka, buɗe ta a hankali, ka kwantar da ita a kan farar takarda, ka ɗiga alama da fensir a saman bayanta da kuma daidai bakinta, a gindi da tsakiya da kai, sa'an nan ka ɗauke ta ka auna tsakanin alamomin da rula. Ta haka ba ka haɗa kaifin da wani ƙarfe ba, balle ka ɓata shi, ba ka kuma kusantar da yatsanka ba. Awon tsakiya shi ne abin dogaro, na gefe biyun kuwa su ne za su gaya maka ko washi ya cinye ta ba daidai ba. Ka auna kaurin bayan, ka ninka shi sau uku da rabi, ka gani ko ya yi kusa da faɗin. Idan kuwa daga nesa za ka saya, ka nemi a aiko maka da hotonta kwance kusa da rula, fuska biyu, kuma ku yi sharaɗi tun kafin ka tura kuɗi cewa in ta saɓa wa abin da aka siffanta za ka mayar. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan sharaɗi.

Ga iyayenmu maƙera da wanzamai kuma muna da shawara, muna miƙa ta cikin ladabi, domin su ne masu abin. Yanzu maƙeri ma yana karɓar aiki ta waya daga Lafiya ko Akwanga ko Kaduna, daga mutumin da bai taɓa zama a maƙerarsa ba, kuma kalmar babba da matsakaiciya da ƙarama ba ta isa ta zama siffa tsakanin mutum biyu da ba sa ganin juna. Me zai hana shugabannin sana'o'in biyu su zauna su yarda da faɗi uku ko huɗu, kowane da milimitarsa da aikin da ya dace da shi, sa'an nan a yanka waɗannan faɗin a gefen wani ɗan fallen ƙarfe, kowace maƙera ta rataye ɗaya kusa da uwar maƙera? Wannan ba zai rage wa gwani gwanintarsa ba, domin sirrin aska yana cikin zaɓen ƙarfe da sanin wuta da shayarwa, waɗannan kuwa babu rular da ke auna su. Abin da zai ƙara shi ne, askar Keffi ta zama abin da za a iya yin odarsa daga nesa da kwanciyar hankali, yaron da ke koyon sana'a kuma ya sami ƙa'idar da zai fara da ita kafin idonsa ya nuna.

Ba za mu rufe ba sai mun tunatar da abin da ya fi faɗi da kauri muhimmanci, wato lafiyar wanda ake yi wa aski. Likitoci sun tabbatar da cewa ciwon hanta nau'in B da C da ƙwayar cutar ƙanjamau suna iya bin jini daga mutum zuwa mutum ta kaifin da aka yi tarayya a kansa, kuma goge aska da tsumma ko a tafin hannu ba ya kashe su. Dalili ke nan da ya sa ake tilasta wa masu askin alhazai a Mina su yi amfani da sabuwar reza ga kowane kai. Wanda ke son askar gargajiya ya mallaki tasa, ya riƙa zuwa da ita. Wanzamin da ke yi wa jama'a aiki kuwa ya riƙi mai canjin baki, ko ya tsarkake kayansa ta hanyar da ma'aikatan lafiya suka koyar, musamman a askin jariri da kaciya. Masu neman ƙarin bayani za su same shi a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Keffi, ko a asibitin da ya fi kusa da su.

Jama'a, taƙaitaccen abin da muka tattauna shi ne, saɓanin faɗin aska yana fitowa daga wurin fara awo, da aikin hannu, da juya milimita zuwa inci, da cin dutse. Mafi yawansa ba zamba ba ne, amma yana zama zamba a lokacin da mai sayarwa ya sani ya yi shiru. Maganinsa kuwa yana hannunmu: mai sayarwa ya auna ya faɗa, mai saye ya tambaya ya auna, masu sana'a su yarda da ma'auni guda. Al'ummar da ta saba da gaskiya a milimita ba za ta sha wahalar gaskiya a mudu da buhu da filin gona ba. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin juna, kaɗan ne ko mai yawa, ya jiƙan magabatanmu da suka bar mana waɗannan sana'o'i.